Malamin Hindu da Marin Yaya Usman

A Karantina muka taso, unguwar baƙi irinmu a ƙasa mai tsarki, cikin gidan katako da kwano. Bayan Magariba kakarmu, wadda muke kira Sitti, takan hura gawayi a tsakar gida ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Yawancin labaranta daga Balad, tsohuwar unguwar tsakiyar birni, ta kwaso su, inda ta yi shekaru tana wanki a gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi.

Wata rana yayana Usman ya dawo daga tashar jiragen ruwa, inda yake dako, kuncinsa a kumbure. Shugaban 'yan dako ne ya mare shi a gaban jama'a. Ya ɗauki guntun ƙarfe, ya rantse sai ya tare mutumin a hanya. Dukanmu mun san makomar baƙon da ya zubar da jini: kurkuku, sannan a mayar da shi ƙasar da bai taɓa gani ba.

Sitti ba ta hana shi ba. Ta ce dai ya sha shayi tukuna, ta soma labarin da matar mai yadin ta ba ta, na wani malamin Hindu a ƙasarsu. Inna ta yi gunaguni, wai me za mu koya wurin wanda ba ya salla.

"Ban ce ku bi addininsa ba," in ji Sitti. "Ku dai ji abin da ya same shi."

Wai mutumin ya tashi da zafin korar Turawa, har suka kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Da farko ramuwa kawai yake saƙawa. Daga baya ya koma ga abin da suke kira yoga: ya tanƙwashe ƙafa, ya yi shiru, yana bin shigar numfashinsa da fitarsa. A nan ya gane ko an buɗe masa ƙofa, ƙiyayya ba za ta sake shi ba. Da ya fito bai daina neman 'yanci ba, amma ya riƙa koya wa mabiyansa cewa asalin ran fursuna da na mai tsaronsa ɗaya ne, kuma wanda ya kori azzalumi bai gyara zuciyarsa ba, halin azzalumin zai gada. Wasu suka ce ya yi laushi, suka watse.

Sitti ta dubi Usman. "Ya waladi, yarona, ƙarfen nan wa zai 'yanta?"

Ya daɗe zaune har shayinsa ya huce, sannan ya tura ƙarfen ƙarƙashin gado. Washegari ya tara abokan aikinsa suka je tare wurin wanda ya ɗauke su aiki, aka sa shugaban nasu ya ba shi haƙuri a gabansu.

Na daɗe ina zaton labarin a kan haɗiye fushi ya tsaya. Sai bayan rasuwar Sitti, da aka naɗa Usman shugaban 'yan dako, na fahimci ɓangaren da ya fi wuya. Nakan gan shi ya dawo rai a ɓace saboda laifin wani ɗan dako, ya zauna shiru a kan tabarma yana sauke numfashi a hankali kafin ya yanke shawara. Na taɓa tambayarsa ko har yanzu yana tuna Ba'indiyen nan.

"Ranar da aka mare ni ta fi sauƙi, ƙanwata," ya ce. "Yanzu hannun nawa ne."