Katin da Bai Ga Malam Ba

A gidanmu na Salaga ba wanda ya taɓa ganin Mma Sadiatu, yayar mahaifiyata, ta shanye koko a zaune. Doya take sayarwa, kuma ƙafar kakanninta fataken goro ta gada: yau tana tasha tana faɗa da masu lodi, gobe ka ji ta a Gushegu. Abu ɗaya ke tsayar da ita. Duk sabon abin da ya shigo hannunta, ko buta ce, ba ta moronsa sai ƙaninta Malam Abdul-Kadiri na Yendi ya tofa masa addu'a.

Bara ta kai ajiyarta ta zuwa Hajji banki, suka ba ta kati. A cikin makon aka turo roƙo a waya, wai iska ta yaye rufin makarantar matan aure a Bawku, ana karɓar taimako ta intanet. Ta so ta bayar, amma katin bai ga Malam ba, ga kasuwar doya ta hana ta tafiya. Sai ta ɗauki hotonsa gaba da baya, ta jefa a zauren WhatsApp na dangi, ta bi shi da murya: "Malam, ga shi nan, ka tofa daga can."

Zauren nan kuwa har da surukan surukai, da lambobin da ba wanda ya san masu su.

Ina wanki na gani. Na ruga kasuwa hannuna da kumfa.

"Mma, kin buɗe wa duniya ajiyarki! Goge hoton!"

"Ke Raihanatu, katin ga shi a ƙuguna. Hoto ne zai tashi ya je banki?"

Ban gama yi mata bayani ba wayarta ta yi ƙara. Wani mai laushin murya ya ce shi ɗan kwamitin makarantar ne, yana so ta karanta masa lambobin da banki ya turo mata yanzu, sadakarta ta shiga. Na kai hannu, ta ture ni, tana zagaya tarin doya, ni ina binta.

"Ɗana, Allah Ya yi maka albarka," in ji ta, "amma Malam bai tofa ba tukuna."

"Hajiya, lambobin suna mutuwa da wuri."

"To Allah Ya ji ƙansu. Ni ba zan taɓa su ba."

Ya kashe. Sai a lokacin ta dube ni, ta ce, "Ya aka yi ya san banki ya turo mini saƙo?" Ba ta jira amsa ba, ta tare babur. A banki ta ƙi kujerar da aka ba ta, tana kai-kawo har ma'aikaciyar ta ce an toshe katin, ba abin da ya fita.

Sabon katin da aka ba ta, da kanta ta kai shi Yendi, a ƙulle a bakin zane. Malam ya miƙo hannu zai kwance, ta riƙe.

"Tofa a kan ƙullin. Addu'a tana ratsa atamfa."

Sannan ta sa wata 'yar uwarmu ta Bawku ta je ta ga rufin da idonta, ta karɓo adireshin shafin karɓar taimakon daga bakin shugabar makarantar. Ranar bayarwa ta kore mu duka, ta juya mana baya, tana danna lambobin katin a waya ɗaya bayan ɗaya, a tsaye.