Sunan da Na Kira da Bakina

'Ya'ya maza uku aka binne min kafin shi, kuma babu ɗaya da na taɓa kiran sunansa.

Na farko ɗan fari ne, a garinmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Kai" nake ce masa. Ƙyanda ta ɗauke shi yana koyon tafiya. Na biyu sunan mahaifin maigidana aka sa masa, ni kuma ba zan ambaci sunan surukina ba, sai muka riƙa ce masa Baba. Amai da gudawa suka kashe shi. Na uku bai kai ranar suna ba. Ubansa ya yi masa huɗuba a kunne, bai gaya min abin da ya raɗa masa ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga nan mata suka fara ce min mai wabi, wadda 'ya'yanta ba sa tsayawa.

Da na samu ciki na huɗu, Inna, uwar mijina, ta yanke magana. Ta ce in namiji ne za ta kwantar da shi a kan jujin bayan gida, inda muke tara takin gona, sannan ta ɗauko shi a riƙa ce masa Ajuji. Mutuwa za ta ga ba wanda ya damu da shi, ta wuce.

Man gyaɗa nake yi, ranar da na kai wa matar liman nata sai na zauna. Ita ke koyar da matan aure karatu a gidanta.

Na ce, "Malama, suna nake so. Dogo."

Ta ce, "Dogo kamar yaya? Igiyar guga za ki yi da shi?"

"Wanda zai cika min baki. Kuma wanda babu mai shi a dangina ko dangin mijina."

Ta daina dariya. Ta gyara zama ta fara jero min, ta ce duk daga Larabci suke. Shamsuddini, ranar addini. Abdurrazaƙ, bawan Mai azurtawa. Na ce ba arziki nake nema ba. Abdulhafiz, bawan Mai tsarewa. Na so shi, amma akwai mai shi cikin manyan dangin mijina, da ya sake zama sunan da ba zan iya faɗa ba. Sai ta ce Abdulbaƙi, bawan Wanda yake wanzuwa bayan komai ya ƙare.

Na maimaita, harshena ya sarƙe. Ta sa na sake har ya fito daidai.

Ta ce, "Amma ki sani, suna ba ya tsare ajali."

Na ce, "Na fi ki sani, Malama. Abin kira nake so."

Maigidana ya dawo daga kasuwar Dawanau, inda ya kai wake. Na bari ya ci abinci, sannan na faɗa masa.

Ya ce, "Tun yaushe mace take zaɓen suna?"

Na ce, "'Ya'ya uku na ba ka, kai ka zaɓa musu."

Ya ce in sake faɗa ya ji.

Namiji na haifa. Ranar suna aka yanka ɗan akuya a ƙofar gida, ina daga ɗaki na ji an ɗaga murya an faɗi sunan. Inna ba ta fasa nata ba. Ta kai shi juji, ta dawo da shi da toka a zanin goyo. Gari duka Ajuji suke ce masa, har ubansa. Ni kaɗai nake kiran na gaskiyar, kuma ban taɓa gutsure shi ba. Matan gida suna min tsiya, wai kafin in gama kira tuwo ya huce.

Ya san sunan. In an ce Ajuji yakan ci gaba da wasansa. In na ce Abdulbaƙi, sai ya juyo da kansa duka, kamar ɗan tunkiya ya ji uwarsa. Aka yaye shi lafiya. Ya wuce inda 'yan'uwansa suka tsaya. Lokacin roron wake yana bina gona, yana cusa kwanso a baki. Har na fara saya masa riga da ta ɗan fi shi girma.

Damina ta sake zagayowa, zazzaɓi ya kama shi. Muka ba shi maganin kemis, ya lafa, ya dawo. Wata safiya ya sanƙare, idanunsa suka kafe. Ubansa ya ari babur, na hau baya, yaron yana tsakaninmu, muka nufi asibiti a Ɗambatta. Hanyar duk taɓo, gero ya rufe hagu da dama. Ina kiran sunan a kunnensa. Da farko yatsunsa suna motsi a hannuna. Kafin mu hau kwalta suka daina.

Ban gaya wa ubansa ba. Na ci gaba da kira har muka shiga gari.

Masu gaisuwa suka cika gida, kowa na cewa Allah ya sa Ajuji mai ceto ne. Inna ta ce, a gabana, sunan ne ya yi masa nauyi, da an bar shi da na juji da mutuwa ba ta waiwayo ba. Matar liman ta ce wannan maganar ba kyau. Amma ta Inna ce ta zauna a garin.

Ban sake haihuwa ba. Shekarun baya wata maƙwabciyata ta haifi namiji, mijinta ya so sa masa wannan suna, tsofaffi suka hana. Har yau babu yaro ɗaya a garinmu da ake kira da shi. Da akwai, da na riƙa ji ta kan katanga in uwarsa ta kira shi cin abinci. Maigidana in maganar ta taso, "na huɗun nan" yake cewa.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, ban san inda yake kwance ba. In ina daka ni kaɗai, nakan faɗi sunan duka, daidai lokacin da taɓarya ta sauka, don kada wani ya ji.