Turaku Biyu a Aljihun Alhaji Moctar

Rachidou ɗan Salifou ne, Salifou ɗan Ilya ne, shi kuwa Ilya shi ne Sarkin Baka na wani ƙauye da ke gabas da Mirriya, a ƙasar Damagaram. Mahaifiyarsa Batula ƴar gidan maƙera ce. A wannan ƙauye aka fara tura ni koyarwa, kuma Rachidou ya zauna a ajina. Ba shi ne ya fi kowa ƙoƙari ba. Abin da na riƙe game da shi shi ne, idan aka gaya masa doka sau ɗaya, ba a bukatar maimaitawa.

Ya zo Faransa yana saurayi. Wanda ya sauke shi shi ne Alhaji Moctar, mai kantin shadda da atamfa a unguwar Château Rouge ta birnin Paris. Alhaji ya ba shi katifa a gidansa na Bobigny, a gefen birnin, ya ci da shi, ya tsaya tare da shi cikin sanyi a layin neman takardun zama. Tun daga lokacin Rachidou bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai Baba.

Daga baya ya sami aikin gyaran motocin bas a Lyon, ya yi aure, ya zauna. Wani abokin aikinsa ne ya kai shi ƙungiyar maharba ta wani ƙauye a tsaunukan arewa maso yammacin birnin. Ya yi jarrabawa, ya karɓi takardar izinin farauta, wadda mutanenmu ke kira farmi. Barewar wannan ƙasa yake harbi, da bisimilla. Aladen daji kuwa ko ya bi ta kan takalminsa ba ya ɗaga bindiga, shi ya sa Faransawan suka sa masa suna Limam.

Ya kamata in bayyana yadda farautar take, domin a nan maganar ta rataya. Masu kora suna shiga kurmi da karnuka. Masu harbi suna tsayawa a jere a bakin kurmin, kowa a gurbinsa, sanye da riga mai ruwan lemo, kuma ba mai motsawa sai an busa ƙaho. Kowane maharbi yana kafa ƴan gajerun turaku biyu, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Tsakaninsu kaɗai aka yarda ya yi harbi, bayan barewa ta ƙetare layi, bakin bindiga yana duban ƙasa. Abin da ke wajen turakun ɓangaren maƙwabci ne, ko ana ganinsa ko ganye ya ɓoye shi.

Da shekaru suka tafi, sai aka naɗa Rachidou shugaban layi, wato mai kai kowa gurbinsa. Yana da al'ada guda: duk baƙon da ya zo, sai ya kafa turakunsa da hannunsa, ya nuna inda maƙwabtansa suke, ya maimaita dokar da bakinsa. Nasa turakun kuwa yakan ɗaura musu jar fata, kamar yadda mahaifinsa ke yi wa kibiyoyinsa.

Kilishi ne ya jawo Alhaji. Duk sanda Rachidou ya zo Paris yakan kawo masa kilishin barewa, har wata rana Alhaji ya ce shi ma jikan mayaƙa ne, ba zai ƙare rayuwarsa yana auna yadi ba. Ya ci jarrabawar da ƙyar. Rachidou ya tsaya masa a gaban ƙungiya, ya ce wannan ubansa ne.

Wata ranar Asabar ce da hantsi, cikin watan Nuwamba. Da suka isa gurbin Alhaji, Rachidou ya durƙusa ya kafa masa turakunsa masu jar fata, domin bai ga yadda zai sa mai furfura ya sunkuya a gabansa ba.

"Yau ni ake kafa wa turke kamar akuya?" in ji Alhaji, yana dariya. "Yaron da na koya wa shiga jirgin metro!"

"Baba, doka ce. Tsakanin nan kaɗai. Ta hagunku akwai mutum bayan wancan ganyen."

"To, Sarkin Baka, mun ji. Je ka tsare Nasarunka."

Rachidou bai ce masa ya maimaita ba. Kunya ta hana shi. Kuma duk maganar da Hausa aka yi ta, ba wanda ya ji ta sai su biyu.

Mutumin da ke bayan ganyen Nassim ne, mai aikin lantarki, ɗan asalin Aljeriya, uban ƴaƴa biyu. Barewa ta fito tana gudu a tsawon layi maimakon ta ƙetare. Alhaji ya bi ta da bakin bindiga, ya harba. Harsashin ya shiga ƙugun Nassim. Rachidou ya busa ƙahon tsayawa, ya zare harsasansa, ya ruga ya danne raunin da hannu biyu. Da ya ga Nassim yana rawar sanyi, sai ya fizge kwat ɗin Alhaji ya lulluɓe shi. Da kwat ɗin motar asibiti ta tafi.

Abin da Alhaji ya gaya wa jandarmomi shi ne ba a kafa masa turke ba, ba a gaya masa akwai mutum ta hagunsa ba, kuma Rachidou ya ce masa da Hausa ya harbi duk abin da ya gani. Aka duba gurbin. Babu turke, ƙasar kuma ƙafafun jama'a sun tattake ta. Ƙungiya ta sauke Rachidou daga shugabancin layi, ta hana shi fita tare da ita. Aka sanar da shi cewa kotu na iya karɓe farminsa ta kuma hukunta shi. An riƙe bindigar Alhaji domin bincike, amma ba a karɓe masa farminsa ba.

Widad, matar Nassim, ita ce ta maido da kwat ɗin, a ƙofar asibiti, ba tare da ta dubi fuskar Rachidou ba. A mota ya ji wani abu mai tauri a aljihun ciki. Turakunsa ne, duka biyun, da jar fatarsu da sauran ƙasa a jiki.

Bai kai su wurin hukuma ba. Paris ya nufa. Bayan sallar Juma'a dattawa suka zauna a bayan kantin Alhaji, ni ma ina cikinsu, domin tun da na ajiye alli ina zaune wurin ƴata a unguwar Goutte d'Or, nan kusa. Rachidou ya ajiye turakun a kan wani ƙunshin shadda. Alhaji bai musa ba. Ya ce sun tsone masa ido ne ya cire, kuma tsoro ne ya sa ya faɗi abin da ya faɗa.

"Ɗana," in ji wani dattijo, "kai yaro ne, za ka iya ɗauka. Shi fa? A sa shi gaban alƙalin Nasara da wannan gemu? Wa ya ba ka katifa?"

Na ce gaskiya ba ta duban gemu, kuma akwai bawan Allah kwance a asibiti. Aka ce Malam boko ya yi masa yawa.

Rachidou ya sunkuyar da kansa. Sa'an nan ya ce ya yarda zai yi shiru, ya ɗauki abin da kotu ta yanke, da sharaɗi ɗaya: Baba ya bar bindiga har abada. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi alkawari, aka shafa fatiha. Na ga Rachidou ya fita ya nufi tashar jirgin Lyon, kwat ɗin da turakun a hammatarsa, da tafiyar mutumin da ya dawo daga maƙabarta.

Sanyi bai ƙare ba sai ga hoto yana yawo a wayoyin ƴan kasuwa. Alhaji Moctar ne a wani kurmi gabas da Paris, cikin rigar ruwan lemo, da sabuwar bindiga a kafaɗa, ƙafarsa a kan barewa. A ƙarƙashin hoton masu yabo suna kiransa Sarkin Baka.

Washegari Rachidou ya kai kwat ɗin da turakun wurin jandarmomi. Widad ta ba da shaida cewa yadda ta karɓi kwat ɗin daga asibiti haka ta miƙa shi. Da aka sake zaunar da Alhaji, maganarsa ta warware. Kotu ta karɓe takardarsa da bindigoginsa, ta yi masa ɗaurin talala. Ƙungiya ta maido da Rachidou kan layinsa. Yanzu ko ɗan shekara tamanin ne ya zo, sai ya durƙusa ya kafa turakunsa, ya maimaita dokar da Faransanci a gaban shaida.

A Château Rouge kuwa, in Rachidou ya yi sallama, da ƙyar ake amsawa. Mutanen da suka ci kilishinsa su ne ke kiransa maci amana. Ba a gayyace shi sunan jikan Alhaji ba. Ban ji wani a cikinsu ya tambayi yadda Nassim yake ba.

Na je Lyon na same shi a garejin aikinsu, hannuwansa baƙi da man inji. Bayan mun gaisa na tambaye shi: tun da ya riga ya yarda zai ɗauki laifin, kuma ya san abin da za a ce da shi, me ya sa ya sauya?

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malam, da Baba ya ajiye bindiga, wallahi da na shiga kabari da laifinsa ban buɗe baki ba. Sunana ne, ina iya ba shi. Amma na kalli hoton nan, na ga ganye ta hagunsa. Akwai mutum tsaye a wurin, ban san shi ba, shi ma bai san wa aka ajiye kusa da shi ba. Ni kaɗai na sani. Nassim da sanda yake kai ƴaƴansa makaranta, Malam. Katifar da Baba ya ba ni, ba da ƙugun wani zan biya ta ba."