Ƙwan Kada Talatin da Ɗaya na Malam Ja'afaru

Mijina Malam Ja'afaru shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati a sashen kula da namun daji, bai taɓa shigo mana da ko bushiya gida ba. Sai da ya yi ritaya, muna zamanmu lafiya a Kurmin Mashi, masu haƙar yashi suka tono ƙwan kada a bakin kogi, suka kira shi. Ya dawo kan babur yana lallaɓawa, da ƙwai talatin da ɗaya cikin bokiti.

Na yi masifa, ba zan ɓoye ba. Na ce maza na kawo wa matansu atamfa, shi kuma abin da zai cinye mu ya kwaso. Dariya kawai ya yi, dama mutum ne da faɗa ba ya kama shi. Ya jera su a akwatin yashi bayan kicin, kowanne da alamar fensir a samansa. Kullum yana duba ma'aunin zafi, wai zafin yashin ne ke sa su fito maza ko mata. Ya ce nan da wata uku za mu ji kukansu daga cikin ɓawo, sai ya kai su inda ake kula da irinsu.

Kwana shida da zuwansu hawan jini ya kwantar da shi a asibiti. Abin da ya roƙe ni kawai shi ne in riƙa yayyafa wa yashin ruwa. To ni mai kiwon kaji ce, har injin ƙyanƙyasa gare ni, kuma kowa ya san ƙwan da ba a juyawa baragurbi yake zama. Na ga alamar fensir na ce ai irin tawa ce, ta gane wanda aka juya. Kwana tara ina juya su safe da yamma, wallahi da zuciya ɗaya. Ranar da aka sallame shi, alamar ta dace tana sama.

Wata uku ya cika yana durƙusawa da kunne jikin akwati, shiru. Ya ƙara mako biyu, sannan ya fasa ɗaya a gabana. Ya lalace, amma ana gane ɗan kai da wutsiya a naɗe, bai kai tsawon yatsana ba. Ya yi min bayani a hankali cewa tun ranar farko ɗan tayin kada ke mannewa a saman ɓawo ta ciki, in an juya ƙwan sai ya ɓalle, gwaiduwa ta danne shi ya mutu.

"Laifina ne, Turai," ya ce. "Babur ɗin nan ne ya girgiza su."

Ni da ba a raba ni da magana, kunya ta hana ni faɗa masa ni ce na juya su. Daga baya tsoron ciwonsa ya zame min hujja.

Ya binne su gindin mangwaro, a watan ya rabu da babur ɗin. Ko'ina a ƙafa yake zuwa, har Allah ya karɓi abinsa bara. Shekara huɗu yana dawowa da kumburarrun ƙafafu, ina gasa masa da ruwan ɗumi, yana sa min albarka, ban faɗa masa ba.