Nonon Bobbo Mai Dalma

Da wuya ka ga masunci a Garwa ya jefa raga a Binuwai ba dalmar Bobbo ce ta nitsar da ita ba. Rumfarsa na unguwar Djamboutou, bayan masu facin taya. Nan yake fasa mataccen batirin mota da gatari, ya narka dalmar a tsohuwar tukunya, ya zuba 'yan ƙwallayen da ake ɗaurawa a bakin raga.

Yana ɗan shekara tara ya fara, a hannun kawunsa, wanda ya bar masa gado biyu: tukunyar nan, da imanin cewa nono na wanke kowane irin hayaƙi. Kullum da azahar sai ya ɗaga ƙwaryar kindirmo, ya yi gyatsa, ya ce ciki ya sha wanki. Shekara hamsin ke nan. Haƙora sun yi sallama, ciki na murɗawa, hannu na rawa kamar na mai tankaɗe, amma Bobbo ya kafe tsufa ne. Ka kuskura ka ce dalma ce, ranar sai ka yi da-na-sanin gaishe shi.

Florentine kaɗai, maƙwabciyarsa mai aiki a asibiti, ba ta shakkarsa.

"Baba Bobbo, nono abinci ne, ba sabulu ba. Fid da yaron nan daga hayaƙi."

"Madam, riƙe allurarki, in riƙe ƙwaryata."

Yaron shi ne jikansa Walid, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda ya shekara biyu yana yi masa fifitar wuta in an tashi lekol, wato makaranta. Bobbo na ji da shi, har nasa nonon ya fi yawa. Shi kuwa ja'irin, da wasan jika da kaka, aikinsa kwaikwayon rawar hannun tsohon. Bobbo ya kai masa duka da hula, masu faci su kwashe da dariya.

Ran wata Laraba Walid ya karɓi ƙwarya, hannu na karkarwa, nono na zuba a riga. Bobbo ya cire hula.

"Kai ɗan nema, ka koma ko? Nonon ma?"

"Kaka, ba wasa nake ba. Tun jiya ya ƙi tsayawa."

Tsoro ya kama Bobbo, irin wanda bai taɓa ji wa kansa ba. Ya watsa wa wutar ƙasa, ya kife tukunyar kawunsa. Sannan ya riƙo hannun yaron suka nufi ƙofar Florentine, hannuwan biyu suna rawa tare.