Goran da Na Jefa wa Ƙanena a Gulbi

Shekarun baya can, damina uku bayan zuwan Nasara, ni da ƙanena muka taso daga Gwandu gaida kawunmu masunci a wajen Kalgo. Lokacin ina ji da kaina a jifa, ga baki, alhali iyakacin gwanintata kakkaɓo kanya daga gindinta.

Da hantsi muna bakin gulbi, ruwa ya kawo, kawu yana gyaran tarunsa na kamun kifi. Ƙanena ya sunkuya wanke ƙafa, gaɓa ta zaftare da shi, ga shi bai iya ruwa ba. Goruna biyu ne a wurin, irin manyan nan da masunta ke hawa su yi iyo. Na suri ɗaya, na auna kansa sak, na wurga da iya ƙarfina. Goran ya faɗa rabin hanya, a bayansa kuma. Ruwa ya kwashe su da gudu ɗaya, babu mai cim ma wani.

Saura ɗaya. Kawu kafaɗarsa ta daɗe da lalacewa, ba ya iya jifa. Na ɗaga zan maimaita, sai ya damƙe min gwiwar hannu.

"Mi kaka yi, ɗana? Kak ka dube shi. Dubi giginyar can ƙasa, ka ɗaga hannu sama."

"Kawu, ba ya can!"

"Shina zuwa. Jehwa!"

Na jefa, zuciyata tana cewa na zubar da goran. Goran ya tashi sama yana rage gudu, ya ɗan yi jim, ya gangaro yana ƙarawa, duk a kan tafiyarsa ta gaba. Ya faɗa daidai lokacin da ruwa ya kawo ƙanena wurin. Ya rungume shi, masu jirgi suka tsamo shi can ƙasa.

Bayan mun natsu kawu ya ce da ni tafiya iri-iri ce. Ta gulbi miƙe take, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Dutsen da aka saka rijiya shi ma miƙe yake, sai dai yana yin ƙasa yana ƙara gudu. Abin da aka wurga kuwa duka biyun yake yi lokaci guda: yana ci gaba kamar gulbi, ƙasa tana jan sa kamar dutse, shi ya sa hanyarsa take lanƙwashewa.

Na gane wannan tun ranar, kuma na rage cika baki. Ƙanena ya rayu ya ga jikoki, kullum yana ba su labarin jifana na farko, na biyun kuwa sai na tuna masa. Ina dariya tare da su, amma har yau tsoro yakan kama ni. Da kawu bai riƙe hannuna ba, da kai tsaye zan sake jefa masa, don ba zan iya ɗauke ido daga kansa ba.