Dodon Gali Marar Kai

Duk wanda ya zauna a unguwar Gubaira a shekarun da kuɗin fetur suka yi wa Riyad ambaliya ya san Gali Rewaya. Bazazzagi ne, gajere, hula a karkace, kullum da guntuwar waya a bayan kunne. Gyaran wutar mota yake yi a garejin wani Balarabe, Abu Salih, wanda kuma shi ne kafilinsa, wato takardar zaman Gali a ƙasar, iƙama, tana hannunsa.

A lokacin, mota in ta yi tari sau biyu sai mai ita ya yar ya sayo sabuwa. Gali kuwa ba ya iya wuce gawar mota bai kwance injin waifarta mai share gilashi ba. Matarsa Zuwaira takan ce ita miji ta aura, amma da bola ta tare.

Wata rana yana yi wa 'yarsa Azumi tatsuniyar Dodo, sai ta tambaye shi da Larabci ko Dodo yana da mota. Ranar tuwo bai yi masa daɗi ba. Ya rantse kafin Babbar Sallah sai 'ya'yan Hausawan Gubaira sun ga Dodo da idonsu, sun yi ihu kamar yadda shi ma ya yi a Zariya.

Ya share wani sito a bayan gareji. Ya yi wa Dodo ƙashin baya da bututun salansa, ya ɗaura hannuwa a jikin injin waifa, Zuwaira ta ɗinka baƙar riga da tsohon tamfol tana mita. Amma kan, nan ya zuba basira: tukunya ce ya kifa, idanu fitilun birki, haƙora matattun fulogai. Ya shimfiɗa katako a bakin ƙofa. Kana takawa batir zai haɗu, Dodo ya miƙe, wani shaƙaƙƙen hon ya yi gurnani.

Kafin ya gama, magana ta zaga unguwa cewa wani baƙo na haɗa gunki. Abu Salih ya kira shi, fuska ba wasa.

"Ya Gali, gobe bayan la'asar zan duba. In gunki ne, khalas, magana ta ƙare, ka haɗa kayanka."

Gali ya ruga ya ɗauko Abdulwahid, ɗan garinsu da ke karatun shari'a, ya nuna masa. Abdulwahid ya zaga Dodo yana jinjina kai.

"Kawu, wallahi aiki ya yi. Fuskar ce matsala. Abin da muka karanta, in an cire kai, ba siffa ba ce kuma."

"Kan? Ɗan nan, dubi haƙoran nan fa! Kai naka sun kai su jeruwa?"

"Kawu, ko kansa ko iƙamarka."

Gali ya daɗe a tsaye da sifana a hannu. Sannan ya kwance kan da kansa, ya naɗe a buhu, ya ɗinke wuyan rigar. Bai tsaya makoki ba. Ya mayar da hon cikin ƙirji, ya rage gudun injin don hannuwan su riƙa tasowa a hankali, suna lalube.

Washegari Abu Salih ya iso da carbi a hannu, ya tura ƙofa, ya taka katako. Daga cikin duhu wata baƙar riga ta miƙe, ba kai ba fuska, tana nishi tana miƙo hannu tana neman wuyansa.

Sai a tsakiyar gareji aka tarar da Abu Salih, takalmi ɗaya a ƙafa, yana a'uziyya. Ma'aikata kowa ya sunkuya cikin inji, kafaɗu na rawa don dariya. Gali ya fito da ɗayan takalmin.

"Ranka ya daɗe, gunki ne?"

Abu Salih ya karɓi takalmi, ya gyara rawani, ya numfasa.

"Wane gunki? Riga ce." Ya rage murya. "Mayar da ita ta kwanta. Yanzu zan ɗauko ƙanen matata, wanda ke cewa shi ba ya tsoron komai. Kada wanda ya gaya masa."